Daga Akurki Zuwa Tukunya: Yaɗuwar Murar Tsuntsaye da Haɗarinta ga Lafiyar Ɗan Adam

Gabatarwa

A ranar 8 ga watan Fabrairu na shekarar 2006 aka ba da sanarwa cewa cutar da ta karkashe kaji wajen 40,000 a wata babbar gona da ke Jaji, cikin Jihar Kaduna, murar tsuntsaye ce, irin wadda masana suke yi wa laƙabi da H5N1. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i a nahiyar Afirka. Waɗanda suka ga lokacin daga cikin mahalarta wannan taro za su iya tuna yadda kasuwar kaji da ta ƙwai suka faɗi cikin 'yan kwanaki, masu gasa kaji a bakin titi suka wuni ba ciniki, masu shayi suka rasa mai cewa a soya masa ƙwai. Bayan 'yan watanni kuma sai tsoro ya kwanta, kowa ya koma wa kazarsa, har wasu suna cewa da ma zancen 'yan rediyo ne.

Abin da muke so mu nuna a wannan takarda shi ne, tsoron da aka ji a wancan lokaci an ajiye shi ne a inda bai dace ba. An guji dafaffiyar kaza, alhali kuwa wuta ta riga ta gama da ƙwayar cutar. Haɗarin yana cikin ɗan tsakanin nan ne daga akurki zuwa tukunya, watau kamun kaza marar lafiya, da kai ta kasuwa, da yanka, da figa, da gyaran kayan ciki. Za mu fara da bayanin ita ƙwayar cutar gwargwadon abin da zai wadatar da wanda ba likita ba, sa'an nan mu bi sawunta zuwa ƙasarmu, mu ga ta inda take samun ɗan Adam.

Ƙwayar cutar da halinta

Murar tsuntsaye da murar da ke kama mutane lokacin hunturu 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu ƙwayar bairos ce ke haddasa su, daga dangin da ake kira mura rukunin A. A bayan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ƙayoyi iri biyu. Na farko, wanda ake taƙaita sunansa da harafin H, shi ne mabuɗin da ƙwayar take buɗe ƙofa da shi ta shiga cikin ƙananan ɗakunan halitta waɗanda jiki ya ginu da su. Na biyu, mai harafin N, shi ne yake yanke wa 'ya'yan da ta hayayyafa igiya su fita su nemi wani ɗakin. A jikin tsuntsaye an daɗe da sanin H iri 16 da N iri 9, to, daga haɗuwarsu ne ake samun sunaye kamar H5N1 da H7N9 da H5N8.

Asalin mazaunin waɗannan ƙwayoyi shi ne hanjin tsuntsayen ruwa na daji, musamman agwagi da dinyoyi. Yawancin lokaci ba sa yi musu komai. Tsuntsu yana ɗauke da su, yana kiwonsa, yana zubar da su cikin kashinsa a tafki ko fadama, wani ya zo ya sha. Amma idan nau'in H5 ko H7 ya sami shiga garken kaji masu yawa da aka tara wuri ɗaya, yakan yi ta zagayawa daga wannan zuwa waccan har ya rikiɗa ya zama mai kisa. A sa'an nan ba hanji kaɗai yake tsayawa ba, yakan bi jini ya game jiki duka. Kaza ta yi shiru ta daina cin abinci, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi, ƙafafu su nuna alamar jini a ƙarƙashin fata. Sau da yawa ma ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai mai kaji ya buɗe ɗaki da safe ya tarar da su zube. Cikin kwana biyu garke yana iya ƙarewa ƙaf.

Akwai abubuwa biyu game da halin wannan ƙwaya da ya kamata mu riƙe, domin a kansu sauran bayanin ya dogara.

Na ɗaya, tana son sanyi da danshi, ba ta jure zafi da sabulu. An gwada an ga tana iya rayuwa cikin kashin kaji har kwana 35 idan sanyi ya kai digiri 4 a ma'aunin santigireti, amma a digiri 37 ba ta wuce kamar kwana shida. Idan kuwa zafin dahuwa ya kai digiri 70 har cikin tsokar nama, to, ta mutu. Ba mamaki ke nan da manyan ɓarkewar cutar a Nijeriya, na 2006 da na 2015 da na 2021, duk a tsakiyar hunturu suka faro.

Na biyu, bayanan gadonta a rarrabe suke kashi takwas. Mu ɗauke ta kamar littafi mai warƙa takwas wanda ba a ɗinke ba, irin namu na da da ake sakawa a gafaka. Idan littattafai biyu irin wannan suka zube a tabarma ɗaya, mai tattarawa yana iya haɗa warƙa biyar ta wannan da uku ta wancan, sai ga sabon littafi wanda ba wanda ya taɓa karanta shi. Haka yake faruwa idan murar tsuntsu da murar mutum suka haɗu a ɗakin halitta guda, ko a jikin mutum ko a jikin alade, wanda yake karɓar kowacce daga cikinsu. Ta wannan hanya aka sami annobar mura ta 1957 da ta 1968, waɗanda kowaccensu ta kashe mutum miliyan ɗaya ko fiye a duniya. Ita kuwa ta 1918, wadda ta fi su muni nesa ba kusa ba, jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko cikin watan Satumba na shekarar, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta kogi zuwa Arewa, kuma masana tarihi suna ƙiyasta cewa ta kashe mutum kamar rabin miliyan a Nijeriya kaɗai.

Daga Kudancin Sin zuwa Jaji

Ba za mu daɗe a kan tarihin cutar na can baya ba. An fara bayyana ta a kajin Italiya a 1878, sai a 1955 aka gane cewa dangin mura ce. Zuriyar H5N1 da ta dami duniya an fara ganinta ne a jikin dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A shekara mai zuwa, 1997, ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka mutu, na farkonsu yaro ne ɗan shekara uku. Kafin wannan, ra'ayin da ya rinjaya tsakanin masana shi ne murar tsuntsu ba ta yi wa mutum irin wannan illa kai tsaye. Hukumomin birnin suka sa aka karkashe kajin kasuwanni da na gonaki duka, fiye da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki a ƙarshen watan Disamba, kuma daga nan ba a ƙara samun wanda ya kamu ba a wancan zagaye.

Ta sake ɓullowa a ƙarshen 2003, ta game Koriya da Biyetnam da Tailan da Indunusiya. A 2005 tsuntsayen daji fiye da 6,000 suka mutu a tafkin Qinghai da ke yammacin Sin, kuma daga wannan zuriya ta tafkin ce cutar ta bi ta Rasha da Turkiyya zuwa Turai, ta kuma faɗo Afirka. Samfurin da aka ɗauka a Jaji ya bi ta Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, daga can aka aika da shi Padova ta ƙasar Italiya, inda aka tabbatar. Kajin sun fara mutuwa tun wajen 10 ga Janairu. Ashe ke nan kusan wata guda cutar ta yi tana yawo kafin a san sunanta, kuma a cikin wannan wata motocin ƙwai da na abincin kaji ba su daina zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kano da Jos ba.

Kafin watan Fabrairu ya ƙare an same ta a agwagin gida a Magarya, cikin Jumhuriyar Nijar, garin da ba shi da nisa da iyakar Nijeriya. A watan Maris aka same ta a Marwa ta ƙasar Kamaru. Masar ta ba da tata sanarwar a Fabrairu, Sudan da Burkina Faso a Afrilu, Gana kuwa sai a 2007. A Nijeriya, tsakanin 2006 da 2008, ta shiga jihohi 25 da Abuja, kuma tsuntsayen da suka mutu ko aka kashe sun haura miliyan ɗaya.

An yi muhawara mai zafi a kan wanda ya kawo ta. Wasu suka ɗora laifin a kan tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda suke baro sanyin Turai da Asiya su zo su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru da kewayen tafkin Chadi. Wasu suka ce fataucin 'yan tsaki da kaji ta bayan fage ne. Binciken bayanan gadon ƙwayoyin da aka samu a 2006 ya nuna ba sau ɗaya cutar ta shigo ƙasar ba, ta shigo ne a lokuta daban-daban, abin da ya ƙarfafa hujjar masu zancen tsuntsayen daji. Daɗin daɗawa, a 2007 masu bincike sun sami wani nau'i mai kisa, H5N2, a jikin kirinjijiya da dinyar daji a dausayin Haɗeja da Nguru, tsuntsayen kuma garau suke, suna tashi suna sauka.

A namu ganin, muhawarar ta haɗa tambayoyi biyu ne wuri ɗaya. Wanda ya kawo baƙo gari daban, wanda ya zaga da shi gida-gida daban. Ko da tsuntsun daji ne ya sauke ƙwayar a bakin fadama, ba shi ne ya kai ta gonaki ɗari da ke kewayen Kano ba. Wannan aikin mutane ne da kayansu: kiret ɗin ƙwai na kwali da ke fita daga wannan gona ya shiga waccan ba wanki, da buhunan dusa da ake sake amfani da su, da tayar mota, da takalmin dillali wanda ya shiga ɗakunan kaji biyar kafin azahar, da takin kaji da ake kwasa a kai wa masu lambu. Sama da duka kuwa akwai kasuwar tsuntsaye masu rai, inda kaza da zabuwa da agwagwa da talo-talo da tattabara daga ƙauyuka ashirin suke kwana a keji ɗaya. Wadda ba a saya ba yau ta kwana ta harbi baƙuwar gobe, wata kuma a saye ta a kai gida don kiwo. Agwagwa tana da nata matsayi a nan, domin takan ɗauki cutar ta yi ta zubarwa ba tare da ta nuna alama ba. Kasuwannin kan iyaka irin su Mai'aduwa da Jibiya da Illela kuwa, ba ruwan kaza da fasfo.

Yadda take samun mutum

Tambayar da ta fi damun kowa ita ce: in har ƙwayar tana ko'ina haka, me ya sa mutanen da suka kamu ba su da yawa? Amsar tana ga mabuɗin nan da muka ambata. Mabuɗin murar tsuntsu ya dace ne da ƙofofin da ke hanjin tsuntsu. Ƙofofin da ke hancin mutum da maƙogwaronsa yawancinsu wani iri ne daban. Amma can ƙasa cikin huhu, da kuma a fatar ido, mutum yana da ƙofofi irin na tsuntsu. Saboda haka kamuwa tana da wuya, sai mutum ya shaƙi ƙwayar da yawa har ta kai can ciki. In kuwa ta kai, to, ta sauka ne a wuri mafi muni, ga shi garkuwar jiki ba ta taɓa saninta ba. Wannan dalili ɗaya shi ne ya sa ba ta saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum, tun da ba ta zauna a hanci ba balle atishawa ta watsa ta.

Ciwon yakan fara kwana biyu zuwa biyar bayan hulɗa da tsuntsun, da zazzaɓi mai zafi da tari da ciwon jiki, wani lokaci da gudawa. Cikin mako guda numfashi ya fara gagara. Akwai magani, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, amma amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin kwana biyun farko.

Daga 2003 zuwa ƙarshen 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum sama da 900 da aka tabbatar sun kamu da H5N1, kusan rabinsu kuma sun mutu. A Indunusiya mutum 200 ne, 168 suka mutu. Masar ce ta fi kowace ƙasa yawa, da mutum 359, waɗanda 120 daga cikinsu suka rasu. Lalle ne mu karanta waɗannan alƙaluma da hankali, domin wanda aka gwada kaɗai suke ƙirgawa, kuma wanda ciwonsa ya yi tsanani shi ake gwadawa. Duk da haka, labarin Masar ya cancanci mu tsaya a kansa, saboda ya fi na kowa kama da namu. Yawancin waɗanda suka kamu a can ba ma'aikatan manyan gonaki ba ne. Mata ne da ƙananan yara, a gidajen da ake kiwon kaji da agwagi a tsakar gida ko a kan soro, mace ce ke ba su abinci, ita ce ke figa, yaro kuma yana wasa a inda suke kashi. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san kaza dukiyar mace ce da yara. Ita ce asusun da ake fasawa ran da baƙo ya zo, ko za a sayi magani, ko za a kai gudummawar suna.

A Nijeriya mutum ɗaya aka tabbatar cutar ta kashe, wata mace 'yar shekara 22 a Ikko, wadda ta rasu ranar 16 ga Janairu, 2007, bayan an gyara kaza a gidansu. Mahaifiyarta ta riga ta rasuwa da kwana goma sha biyu da irin alamomin, amma ba a ɗauki samfurinta ba. A 2021 kuma an sami alamar ƙwayar a jikin wasu masu aikin kaji a Kano da Filato, ba wanda ya mutu. Wani zai ce wannan ai abin kwantar da hankali ne. Mu dai ba mu ɗauke shi haka ba. A ƙauyukanmu, zazzaɓi sunansa maleriya ko taifot tun kafin a ga likita, tari da sarƙewar numfashi a hunturu kuwa sanyi ne ya kama mutum. Da wuya ma'aikacin asibitin karkara ya tambayi marar lafiya ko kaji sun mutu a gidansu cikin makon nan, alhali wannan tambaya guda ta fi awo da yawa amfani, kuma ba a biyan ko kwabo a kanta.

Wuƙa da kasuwa

Yanzu mun zo ga inda muka dosa tun farko. Manomi a ƙasar Hausa bai san murar tsuntsaye a matsayin sabon abu ba, domin ya saba da annobar kaji. Kusan kowace shekara idan hunturu ya kama, cutar Niyukasil takan share kajin gari, kuma alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye har likitan dabbobi ma ba ya rantsuwa sai ya kai samfuri ɗakin bincike. Cutar Niyukasil ba ta da wani haɗari na a-zo-a-gani ga mutum. Saboda haka tun kaka da kakanni aka gaji dabara guda biyu game da kaza marar lafiya, kuma dukkansu dabaru ne na mai hankali. Ko dai a tare ta da wuƙa kafin ta zama mushe, a ci, ko kuwa a kwashi sauran tun suna tsaye a kai kasuwa a karya farashi.

Ƙyamar mushe kariya ce babba, kuma ta raba mu da wani haɗari da wasu al'ummomi suka faɗa ciki. Sai dai ita ce kuma take sa a yi gaggawar yanka wadda ta fara layi, watau a daidai lokacin da jininta da kayan cikinta suka cika maƙil da ƙwayar cutar. Kazar da aka yanka tana fuffuka tana watsa jini da ƙura. Mai figa yana sunkuye a kanta, gashi yana tashi yana shiga masa hanci da ido. Ana ba yara kai da ƙafafu da hanji su je su gasa. Ruwan wankin naman a watsa shi a tsakar gida, sauran kaji su zo su sha. Waɗanda suka mutu a jefa su bola, kare da kyanwa da ungulu su ɗauka, kuma a Burkina Faso an sami ƙwayar a jikin ungulaye a 2006. Kafin naman ya shiga tukunya, duk abin da zai faru ya riga ya faru. Wanda aka kawo wa a kwano shi ne ya fi kowa tsira.

A kasuwa ma haka abin yake, sai dai ya fi yawa. Masu yanka da figa a kasuwannin kaji na birane suna gyara ɗaruruwa a wuni, hannu tsirara, a rumfa ɗaya da kejin masu rai, da ruwan zafi ɗaya da aka tsoma na safe a ciki. Misalin da ya nuna nauyin kasuwa a fili shi ne na H7N9 a ƙasar Sin. Wannan nau'i ya ɓullo a 2013, ya kama mutum sama da 1,500 cikin 'yan shekaru, fiye da 600 suka mutu, kajin da ke ɗauke da shi kuwa da farko ba sa nuna ciwo ko kaɗan. Da aka rufe kasuwannin kaji masu rai na Shanghai a watan Afrilu na 2013, sai adadin masu kamuwa a birnin ya faɗi nan da nan. Hong Kong kuma ta bi hanya mai sauƙi: ta fara da ware ranakun hutu da ake kwashe kaji duka a wanke kasuwa, daga baya a 2008 ta hana kaza mai rai kwana a rumfar mai sayarwa. Ba ma ganin rufe kasuwannin kaji zai yiwu a ƙasarmu, inda mai saye yake so ya ga kazarsa da rai, ya kuma ga wanda ya yanka. Amma raba wurin yanka da wurin keji, da ranar wanki sau ɗaya a mako, abu ne da sarkin kasuwa da ƙungiyar masu kaji za su iya tsayarwa ba tare da jiran Abuja ba.

To, me zai sa mai kaji ya kai rahoto maimakon ya kai kasuwa? Nan ne batun diyya ya shigo, kuma a ganinmu shi ne ƙashin bayan al'amarin duka. Tun daga 2006 gwamnatin Nijeriya ta zaɓi hanyar kashe garken da ya kamu da biyan diyya, maimakon allurar rigakafi irin yadda Sin da Masar suka yi. Diyyar farko Naira 250 ce a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa ba, kuma a kan wadda jami'ai suka kashe kaɗai ake biya, ban da wadda ta riga ta mutu. Daga baya an gyara farashin, da taimakon rancen Dala miliyan 50 daga Bankin Duniya, kuma rahoto ya ƙaru. Amma a zagayen da ya faro a 2015, wanda ya ci tsuntsaye fiye da na farko, masu gonaki da yawa sun yi ta jiran kuɗinsu shekara da shekaru. Mu sa kanmu a matsayin mai kaji dubu biyu da ya ci bashi ya zuba, ya wayi gari hamsin sun mutu. In ya kira likitan dabbobi, za a kashe sauran, a rufe gonar, a ba shi takarda. In ya kira dillali, kafin la'asar kuɗi na hannunsa, ko da rabi ne. Wa'azin rediyo ba ya canza wannan lissafi. Ita kuwa matar ƙauye mai kaji takwas, ba ta cikin rajistar kowa, kuma ba ta taɓa jin an biya wata irinta ba.

Abin da ya canza tun daga 2020

Da a ce ƙwayar ta tsaya yadda take a 2006, da sai mu ce matsala ce ta masu kiwo da 'yan tsirarun masu tsautsayi. Amma daga 2020 wani sabon reshe na H5N1 ya bazu fiye da duk waɗanda suka gabace shi. A Janairun 2021 ya kashe ɗaruruwan tsuntsayen ruwa a gandun Djoudj na ƙasar Senegal, a wannan wata kuma cutar ta dawo gonakin Kano. A ƙarshen 2021 ya tsallaka Tekun Atlantika zuwa Kanada, a 2022 ya kai Amurka ta Kudu, a farkon 2024 aka same shi a nahiyar ƙanƙara ta Antatika. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne yawan dabbobi masu shayarwa da yake kamawa: dila, da kyanwa, da dubban dabbobin teku a gaɓar Peru da Chile da Ajantina.

A watan Maris na 2024 aka tabbatar da shi a shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas na Amurka, abin da ba wanda ya zata. A hantsar saniya yake zama, yana fita da yawa cikin madara, yana bin kayan tatsa daga wannan zuwa waccan. Kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a gonakin sun mutu. Zuwa farkon 2025 mutum wajen 70 ne suka kamu a ƙasar, yawancinsu masu tatsa da masu aikin kaji, kuma galibi jan ido ne kawai da ɗan zazzaɓi. Wanda ya fara mutuwa, a jihar Louisiana cikin Janairun 2025, daga kajin bayan gidansa da tsuntsayen daji ya ɗauka. Dafa madara yana kashe ƙwayar, saboda haka kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a ɗora ba abin tsoro ba ne ta wannan fuska. Amma darasin ya shafe mu, mu da shanunmu suke shan ruwa a fadama ɗaya da agwagin daji duk rani, kaji kuma suna tono a ƙarƙashinsu a ruga.

Tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta taɓa faruwa, amma ba ta yi nisa ba. Wadda aka fi sani ita ce ta wani dangi a yankin Karo na tsibirin Sumatra a 2006, inda mutum takwas suka kwanta, bakwai suka mutu, bayan sun yi jinyar juna a ɗaki ɗaya, daga nan kuma sarƙar ta tsinke. Kowane mutum da ya kamu, da kowace dabba mai shayarwa, wata dama ce ƙwayar ta samu ta gwada mabuɗinta a ƙofar da ba tata ba, ko ta yi musayar warƙa da murar mutane. Hunturu kuwa shi ne lokacin da murar mutane da ta kaji suke haɗuwa a ƙasarmu, a rumfa ɗaya, a jikin mai figar da ya fito aiki da mura domin in bai fito ba ba za a ɗora tukunya a gidansa ba. Shi ya kamata a fara gwadawa duk ran da aka ji kaji sun fara zubewa a kasuwarsa, kuma shi ya kamata ya san lambar likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ya kuma tabbata in ya kira ba rumfarsa za a rushe ba.